Wa ke biyan malamin gona? Yadda manoman Hausawa na Legas ke kallon shawarar da ake sayarwa

Duk sanda aka tayar da zancen sakar wa 'yan kasuwa aikin malaman gona, tambayar da ake fara jefa wa manomi ita ce: za ka yarda ka biya kuɗi a koya maka noma? Ƙaramin manomi yakan girgiza kai, ko ya ce sai ya ga abin da za a koya masa tukuna. Daga nan masu tambayar sai su tattara takardunsu, su yanke hukunci cewa manomanmu sun saba da na banza, ba su san darajar ilimi ba. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma mu'amalata da 'yan lambu da masu kiwo Hausawa a nan Legas ce ta hana ni yarda. Mutanen nan kullum cikin biyan kuɗin shawara suke. Suna biya a cikin farashin kwalbar maganin feshi, suna biya a cikin buhun abincin kaji, suna biya a cikin la'adar dillali. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne sanin wanda ke ciyar da mai ba su shawarar, da kuma inda za su same shi idan suka bi maganarsa lambu ya ƙone.

Wanda bai san Legas ba zai yi mamakin jin ana maganar manoma a cikinta. Ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, ga ruwa ya cinye kaso mai yawa, ga gini na cinye sauran. Bahaushen Ikko da aka fi sani shi ne na kasuwa: mai tumatir da albasa a Mile 12, mai shanu a Oko-Oba, mai raguna a Alaba Rago, mai canji, mai gadi. Amma wanda ya bi hanyar Badagry ya leƙa wajen barikin Ojo da Iyana-Iba, ko ya duba ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da bakin magudanan ruwa, zai ga komaye a jere, kore shar: alayyafo, latas, albasa mai lawashi, lalo, ganyen ugu, shuwaka. Da yawa daga masu duƙe a cikinsu 'yan Arewa ne, wasu 'yan ci-rani, wasu kuwa furfura a wurin ta same su. Da sassafe matan kasuwa ke zuwa su sayi komi sukutum, su tsige da hannunsu, kafin azahar ganyen ya shiga tukunyar mutanen gari. Akwai kuma masu turke raguna, da waɗanda suka shiga kiwon kaji da na tarwaɗa a gefen Ikorodu da Epe.

Ba za a gane yadda waɗannan mutane ke kallon shawarar 'yan kasuwa ba sai an tuna abin da suka baro a gida. Dattawan cikinsu sun ga zamanin malamin gona na gwamnati da idonsu. A 1975 aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, da aka ga sun yi tasiri sai aka faɗaɗa har kowace jiha ta samu nata. Hukumar KNARDA ta Kano na cikin waɗanda suka yi suna. Tsarin lokacin a fili yake: duk mako biyu a tara malaman gona a ba su horo, kowanne ya hau babur ɗinsa ya zaga manoman da aka ware masa, a ranar da kowa ya san zai zo. Ilimin yana gangarowa ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, dukansu na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1992 shirin Sasakawa Global 2000 ya shigo da gonakin gwaji, inda manomi zai ga masarar da aka shuka ƙwaya ɗaya a rami, aka binne mata taki, tana tsaye kusa da tasa. Gani ya kori ji. Kuma ba a ce manomi ya biya malamin ko sisi ba.

Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, jihohi suka kasa ɗaukar nauyin. Babura suka mutu, kuɗin mai ya tsaya, malamai suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu. Yau jami'an gwamnati da bakinsu suke faɗa cewa malamin gona ɗaya yana fuskantar dubban manoma. An yi ƙoƙarin toshe giɓin da matasan shirin gwamnatin tarayya na N-Power Agro daga 2016, amma aikin wucin gadi ne, a 2020 aka sallami rukunin farko. Shi ya sa idan ka gaya wa dattijon lambu cewa gwamnati na shirin janye hannu daga wannan aiki, labarin ba ya tayar masa da hankali. A wurinsa an daɗe da janyewa.

Legas tana da tata hukumar raya aikin gona, hedikwatarta a Oko-Oba ta Agege, kuma a 2021 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta fitar da tsarin noma na shekara biyar, da burin jihar ta riƙa samar da kashi 40 cikin ɗari na abincin da take ci. Ba na musun ana aiki. Sai dai hukuma tana kaiwa ga manomi ne ta hanyar ƙungiya mai rajista, da gona mai adireshi, da suna a cikin kundi. Ɗan lambun da ke noma a filin aro, ba takarda ko ɗaya a hannunsa, ba ya cikin kundin kowa. Shi kansa ba ya ɗokin a san da shi, don tsoron kada sanin ya jawo masa tashi.

To, wa ke gaya masa abin yi idan ganye ya fara murɗewa? Mai shagon maganin feshi. Shi ne malamin gona mai zaman kansa na haƙiƙa a Legas, kamar yadda yake a Kura da Hunƙuyi. Na sha zama a irin wannan shago ina kallo. Manomi zai shigo da ganye ƙulle a leda, ƙafarsa duk laka, ya kwance a kan kanta.

"Alhaji, duba min wannan. Tun shekaranjiya yake haka."

Mai shago ya ɗaga ganyen, ya juya bayansa, ya murza shi da yatsa. "Me ka fesa masa, Malam?"

Sai ya faɗi launin kwalbar, don bai riƙe sunan ba. Mai shago ya miƙa hannu ya sauko da wata, ya haɗa masa da ƙunshin wani garin magani, ya ce murfi biyu a injin goyo, da yamma, bayan kwana uku a maimaita. In babu kuɗi a rubuta a littafi, sai an sayar da komi. Kafin shayin da aka kawo ya huce an gama.

Kada a raina abin da ya faru a nan. Manomi ya samu mutumin da ke jin harshensa, wanda gobe ma zai tarar da shi inda ya bar shi, kuma mai ɗaga masa ƙafa in aljihu ya bushe. Babu ma'aikacin gwamnati ko wakilin kamfani da ya haɗa masa waɗannan. Shi ya sa in ka tambayi 'yan lambu game da mai shago ba za ka ji zagi ba. Wasu masu shagon tsofaffin manoma ne da suka san abin da suke yi, suna kuma tsoron Allah, wasu har kamfanonin magani kan tara su a ba su horo. Amma 'yan lambun sun san inda gizo ke saƙar. Mutumin da abincinsa ke cikin sayar da kwalba da wuya ya ce maka ganyen nan ba ya buƙatar magani, ruwa ne ya yi masa yawa, je ka buɗe masa hanya ya tsane. Da wuya ya ce ka tuge komin nan ka ƙone ka shuka wani abu dabam, ko da hakan ne daidai. Ba sai ya yi ƙarya ba. Idonsa ne ya saba neman cutar da maganinta ke kan kantarsa. In kuma maganin bai ci ba, amsar da aka saba ji ita ce a ƙara murfi, ko a gauraya biyu.

Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa a 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Manoma suka yi ta feshi da duk abin da aka miƙo musu, ita kuwa tsutsar ta huda ganye ta shige ciki, maganin ba ya isa gare ta. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa, a Mile 12 kuwa farashin kwando ya yi ta ninkawa har matan Legas da yawa suka koma na gwangwani. Abin da ke rage ɓarnar sharon ya haɗa da tarkon da ke jawo namijin ƙwaron, da kwashe ragowar shuka a ƙone bayan an tashi gona, da sauya nau'in magani kada ƙwaro ya saba da ɗaya, da kuma dukan manoman fadama su yi abin a lokaci guda. Yawancin waɗannan ba haja ba ce da za a ɗora a kanta, don haka ba wanda ya ɗauki tallarsu. Shekara guda kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, wanda masu ajiya ke zubawa don kashe ƙwari. Wani ne ya koya musu haka, kuma a cikin sito dabarar ta yi musu aiki. Mai cin waken da sunan ƙasar su suka ɗauki asarar.

A lambunan Legas abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin feshi da tsiga. Kwalbar kirki tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci abin da aka fesa, amma da Turanci aka rubuta, da ƙananan haruffa. Alayyafo kuwa kafin wata ya cika ya isa sayarwa, kuma mai saye ba ta son ta ga huji ko ɗaya a ganye. Ɗan lambu na fesawa ba safar hannu, ba takunkumi, wando a naɗe, iska na dawo masa da maganin a fuska. 'Ya'yanmu ne ke cin ganyen nan, ɗan'uwanmu ne ke shaƙar maganin. Haka ma ruwan da ake ba shukar, wanda a wasu wuraren daga kwata ake ɗiba. Babu mai cin riba in ya ce a jira kwana bakwai ko a sauya ruwa, saboda haka wannan shawara ba ta isowa lambu.

Kada kuma a ɗauka ɗan lambu ba ya buƙatar ƙarin ilimi tunda ya gaji noma. Ya gada, amma na wata ƙasar. Wanda ya tashi a fadamun Kano ya san noman rani cikin busasshiyar iska da sanyin hunturu, yanayin da tumatir ke so. Legas na samun ruwan sama kusan ninki biyu na Kano, daminarta doguwa ce da ɗan tsagaitawa a watan Agusta, iskarta a jiƙe take, ƙasar wurare da yawa rairayi ce mai sakin taki da zarar an yi ruwa mai ƙarfi. Cututtukan ruɓa da na funfuna sun fi yawa. Ga ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu shuka ta tsumbure. Ga cutar da ke sa tumatir ya yanƙwane a tsaye yana kore. Mutum zai watsa yuriya yadda ya saba a gida, ruwa ya wanke ta, ya sake watsawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kowane mudun taki da kowace litar man injin ban ruwa sun zama abin lissafi. Manoman sun san akwai abin da ya ɓuya musu, sun kuma san yana cin kuɗinsu. Babbar masana'antar yuriya ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 a jihar nan take, taki akwai shi ga mai kuɗi. Wanda zai auna ƙasar komi ya ce ga abin da take nema, ga adadinsa, ga lokacin zubawa, shi ne suke rashi.

Akwai wani mai ba da shawara da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato dillalin Mile 12. Shi ke ganin abin da mai saye ke so, shi ke ganin yawan tumatirin da ke isowa a dame bayan doguwar tafiya daga Kano. Yakan kira manomansa a Arewa ya ce ku shuka iri mai tauri, ku tsinka kafin ya nuna sosai, ku daina tula kwando, in da hali ku koma kiret na roba. Wani har kuɗin iri da taki yake aikawa, da sharaɗin kaya su zo hannunsa. Manoma na jin maganarsa ƙwarai, don sun san ribarsa na tafiya da kyan kayansu. Amma su ma suna faɗa cewa dillali kasuwa ya sani ba ƙasa ba, kuma wanda ya ci bashinsa ba ya iya musa masa farashi.

In aka je wurin masu kaji da kifi sai labari ya sha bamban. A nan babu mai gardama a kan biyan likita. Mai kaji dubu ya san kuɗin kowane ɗan tsakon da aka kawo masa daga Ibadan, ya san buhu nawa suke ci a mako, in ya tashi da safe ya tarar da goma a kwance zai lissafa asararsa kafin ya gama kwashe su. Sai ya kira likitan dabbobi, ya biya kuɗin mota da na dubawa, ba tare da ya ji an cuce shi ba. Masu turke raguna don babbar salla ma haka suke. Rago ɗaya yanzu jari ne, ba mai barinsa da zawo ko majina ya zuba ido. Kukansu shi ne yadda za su bambance likita da mai allura kawai, domin a kasuwannin dabbobi akwai masu yawo da jaka da sirinji, allura ɗaya ga kowace cuta. Wannan ne ya tabbatar min cewa ƙin biya ba halin manomi ba ne. Inda asara ke ƙirguwa, amfanin shawara ke fitowa cikin kwanaki, mai shawarar kuma yana da suna da lambar da za a sake kira, hannu na shiga aljihu ba jinkiri. Ɗan lambun da ribarsa ta mako ba ta kai kuɗin ziyarar ƙwararre sau ɗaya ba, lissafinsa ne ya bambanta da na mai kaji.

Ko a wurin masu kajin ma akwai iyakar abin da likitan haya zai yi. Tun da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karon farko a Afirka, takan dawo lokaci zuwa lokaci. Idan ta shiga gona, abin da ya dace shi ne a sanar da hukuma, a kashe kajin, a killace wurin. Abin da zuciyar mai gona ke raya masa shi ne ya yi maza ya sayar da masu sauran rai. Likitan da mai gonar ke biya yana tsaka mai wuya, kuma maƙwabta ne za su ɗanɗana in ya yi shiru. Sa ido a kan annoba, da biyan diyyar da za ta sa mutum ya faɗi gaskiya, da samar da rigakafi irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, duk nauyin gwamnati ne.

Sai kamfanonin da ke haɗa komai wuri ɗaya. Babban Gona, wanda ya fara aiki a jihar Kaduna a 2012, misali ne sananne. Yana tara manoman masara ƙananan ƙungiyoyi, ya ba su iri da taki bashi, ya tura ma'aikaci ya riƙa duba gona, bayan girbi ya karɓi hatsi ya sayar ya cire nasa. Manyan masu casar shinkafa ma suna da tsari mai kama da wannan tsakaninsu da manoman da ke kewaye da su. A nan an warware rabin matsalar mai shago, domin in gona ba ta yi kyau ba kamfani ba zai ga kuɗinsa ba. Ma'aikacinsa na da dalilin faɗin gaskiya, har ya tsawata in an ƙi yin noma a kan lokaci. 'Yan ci-ranin da ke komawa gida da damina sun san irin wannan tsari, kuma ra'ayinsu ya rabu. Wasu na cewa ba su taɓa kwasar amfani kamar wanda suka kwasa a ƙarƙashinsa ba. Wasu na cewa mutum yakan koma ɗan ƙodago a gonar ubansa, bai zaɓi iri ba, bai zaɓi ranar sayarwa ba, kuma shekarar da fari ko ambaliya ta zo fargabar bashi ba ta barinsa barci. Kamfanoni ma suna da nasu ƙorafin, a kan manomin da ya karɓi taki ya kai kasuwa, ko ya karkatar da hatsi da dare don farashi ya hau. Duk wanda ya bi labarin shirin bashin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya san yadda rashin biyan bashi ya dabaibaye shi. Amma ko da tsarin ya tafi daidai, bai iso lambun Legas ba. Kamfani na bin amfanin da ake aunawa a buhu a ajiye a sito, irin masara da shinkafa da waken soya, alayyafo kuwa ba ya kwana.

Ba zan daɗe a kan shawarar waya ba. Legas ce mazaunin kamfanonin fasahar noma da yawa, a nan Farmcrowdy ya fara a 2016, wasu suka biyo baya. A 2020 wasu daga cikin masu tara kuɗin jama'a don zubawa a gonaki suka kasa biyan masu jari a kan lokaci, amana ta yi rauni. 'Yan lambun da na sani ba su da ra'ayi a kan manhajojin nan, don ba sa buɗe su. Abin da ke hannunsu shi ne rediyo da WhatsApp: a ɗauki hoton ganye, a haɗa da saƙon murya, a tura wa ƙanen da ya yi kwalejin aikin gona ko zauren 'yan gari. Duk kamfanin da ke nemansu can zai same su, da murya, da Hausa.

Masu goyon bayan sakar wa 'yan kasuwa sukan kawo misalin ƙasashen waje, kuma gaskiya ne an yi. Ingila ta fara cajin manoma kuɗin shawara a 1987, ta sayar da hukumarta ta malaman gona, ADAS, a 1997. Holan ta kama irin wannan hanya daga 1990. Sai dai manomansu masu manyan gonaki ne, da akawu da asusun banki, sun fi kama da mai kaji dubu nesa ba kusa ba. Chile ta fara tun 1978, amma gwamnati ce ta ci gaba da ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin domin ƙananan manoma, 'yan kasuwa na yin aikin. Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce Yuganda. A 2001 ta kafa shirin NAADS, inda ƙungiyoyin manoma ke zaɓar abin da suke son a koya musu, a ɗauko mai zaman kansa a biya shi da kuɗin gwamnati da na masu tallafi. Tunanin ya yi kyau, amma siyasa da rabon kayan noma suka mamaye shi, har a 2014 aka shigo da sojoji cikin rabon. A misalan nan, ƙaramin manomi ya samu mai duba shi ne a inda wani ya biya masa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane malamin gona, na gwamnati ne ko na kasuwa, wato zaman fili. Shawarar kirki yawanci tana son lokaci: ka zuba kashin kaji ka bar shi ya ruɓe ƙasa ta gyaru, ka haƙa rijiya ka daina ɗiban ruwan kwata, ka sauya abin da kake shukawa a wannan komi har tsutsar saiwa ta ragu. Mutumin da zai iya wayar gari ya tarar an sauke bulo da yashi a tsakiyar latas ɗinsa ba zai binne kuɗi a wannan ƙasa ba, kuma yana da gaskiya. Wani dattijo da ya daɗe a lambu ya taɓa ce min duk mai son ba shi shawara ya fara gaya masa ko zai kai baɗi a wurin. Shawarar da ke karɓuwa ga mai irin wannan zama ita ce wadda za ta biya cikin mako uku, ita kuwa a shagon magani ake samunta.

A ganina ba hikima ba ce a ce gwamnati ta dawo da rundunar babura irin ta shekarun 1980, don ba za ta iya riƙe ta ba. Amma akwai aikin da in ba ta yi ba babu mai yi. Tunda mai shago ya riga ya zama malamin gona, a horar da shi, a ba shi lasisi, a riƙa leƙa kantarsa. NAFDAC da ke yi wa magungunan nan rajista ta tilasta a rubuta adadin awo da kwanakin jira da Hausa da Yarbanci, a sa hotuna don wanda bai yi boko ba. A riƙa gwada ganye a kasuwa da ruwa a lambu. Gwamnatin Legas kuma, in da gaske take a kan ciyar da kanta, ta ƙirga masu lambunan nan cikin manomanta, ta ba su izinin zama ko na shekara uku ne a filayen da ba a shirin ginawa.

Mu ma akwai namu. Kusan kowane lambu yana da shugaba, ana adashe, ana haɗa kuɗi in wani ya kwanta ciwo ko za a kai shi gida, kuma akwai fadar Sarkin Hausawa a unguwanni irin Agege da Idi-Araba da za ta iya tsayawa shaida. A gefe guda, akwai matasanmu da suka yi kwalejin aikin gona a Samaru ko Ɗambatta suna zaune a Legas suna gadi ko dako, wasu sun rasa acaɓar da suke yi tun da aka hana ta a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, mutum hamsin za su iya, in kowa ya ware kuɗin komi ɗaya a wata. Sai su ɗauki yaro nasu, su ne iyayen gidansa, da sharaɗin ba zai sayar da magani ba, ba zai kuma karɓi kamasho daga mai sayarwa ba.

Na kawo wannan magana a gaban wasu 'yan lambu, kuma babu wanda ya ce ba zai biya ba. Sharuɗɗa suka shiga jerowa. A ba shi komi nasa a tsakiyar lambu ya noma kowa ya gani, kafin ya buɗe baki a kan na wani. A biya shi bayan an sayar, ba kafin ba. Kada ya zama ɗan shugaba ko surukinsa, don a iya sallamarsa in ya kasa. Inda muka cije shi ne watannin damina, lokacin da 'yan ci-rani ke komawa gida noman gero da dawa, masu haɗa kuɗin su ragu, yaron kuma yana da haya da bakin ciyarwa. Wasu suka ce waɗanda suka zauna su ɗauki nauyinsa, tunda a lokacin ne cutar ganye ta fi yawa kuma su za su fi morarsa. Waɗanda ke zama suka ce sai dai masu tafiya su bar kasonsu a hannun shugaba kafin su hau mota.